Ranar da Lami Ta Sauka

"Ba mai yanka matar ƙanina yana kan hanya!" in ji Alhaji Karimou.

"To kira shi mana," Adda Sakinatou ta ce. "Kira shi, in da bakinsa jini zai tsaya."

A barandar asibitin haihuwa muke tsaye. Lami, ƙanwar Adda, maƙwabciyarmu a Zongo, tana bayan ƙofa. Da hantsi ta haifi ɗa namiji a ɗakinta, haihuwar fari, sai mabiyiya ta ƙi fita. Tsofaffin gidan sun ba ta kwalba ta hura. Sun sa mata muciya a baki don ta yi yunƙuri. Sai da jini ya jiƙe tabarma aka nemo taksi. Ni kuwa an tafi da ni ne don na yi kwaleji, ina jin Faransanci.

Likitar, wata gajeriyar mata, ta yi mini bayani da sauri. Mabiyiyar ta yi saiwa a jikin mahaifa, ba ta rabuwa. Sai an cire mahaifar gaba ɗaya, yanzu, in ba haka ba jini zai ƙare.

Ban taɓa furta irin wannan magana gaban manya ba. Na faɗa ina kallon takalmina.

Mijinta, Kassoum, yana saman motar shanu daga Malanville. Na kira, na sake kira. Wayar a kashe.

"Gobe ya zo ya ce wa ya ba ni izini, me zan ce?" Alhaji ya ce. "Yarinya ɗanya shataf, a rufe mata haihuwa?"

"Gawa tana haihuwa ne, Alhaji?" in ji Adda.

Likitar ta ja hannuna zuwa ciki. Lami na kwance kan gadon turawa, leɓunanta sun yi fari kamar toka. Ita ce mai soya mana wagashi, cukun Fulani, a bakin layi, kullum tana kirana tuzuru.

"Rafiou," ta ce a hankali, "me suke ta hayaniya a kai?"

Na faɗa mata. A wannan karon na dube ta.

Fanka na juyawa a sama.

"Yaron ya yi kuka?"

"Ya yi. Yana wajen Adda."

"To ce mata ta cire. Ɗaya ma kyauta ce. Kai kuma kar ka je kana ba da labarina a majalisa, tuzuru."

Na fito na isar da saƙonta. Da aka ce ana neman jini, Alhaji ne ya fara naɗe hannun riga. Muka bi bayansa, ni da ɗan taksin.

Muka zauna. Aka kira la'asar, ba wanda ya tashi. Duk ƙofar da ta motsa sai Adda ta miƙe da jaririn a kafaɗa, ta koma ta zauna.

An cire. Amma jinin da ya zube tun a gida ya yi yawa. Da likitar ta fito tana zare hular kanta, ba wanda ya nemi in fassara.

Ni na riga kowa komawa gida, don a share ɗaki a shimfiɗa tabarmin zaman makoki. A tsakar gida na tarar da babbar tukunya kan murhu, ganyen darbejiya na tafasa a ciki. Ruwan wankan jego ne, mata sun ɗora tun azahar. Hajiya Aishat, tsohuwar da ta karɓi haihuwar, tana gyara itace. Ta ɗago ta dubi fuskata, ta daɗe tana duba. Sauran matan suka fito bakin ƙofofinsu.

Tukunyar na ta ɓararraka.

"Ruwan fa?" wata yarinya ta tambaya. "A sauke?"