Ranar da Falilat Ta Tashi da Kanta

Wata takwas Falilat ta yi tana jinyar mahaifiyarta, ido biyu har asuba. Tsohuwa ta rasu, aka yi sadakar arba'in, amma barci ya ƙi komawa inda yake. Sai gari ya waye yake sace ta, ta farka rana tsaka da kai kamar an ɗora mata turmi.

Ga sana'arta kuwa ba ta jiran malalaci. Gwanjo take sayarwa, rigunan mata, a teburinta na Fagge. Talata da Juma'a Okechukwu, dilan da suke sari a wurinsa, yake yanka sabuwar dila, wato ƙunshin gwanjo, a sitonsa da ke bayan kasuwar Sabon Gari. Wadda ta riga ita ke tsince masu kyau, ta baya ta kwashi tarkace. Masu sayen kayan Falilat suka fara ɗaga riga su ajiye, su wuce.

Barakat ce ta kawo mata ɗauki, ƙawarta tun suna yara a Kwaciri, ita ma 'yar gwanjo.

"Ƙawata, bar kuka," in ji ta. "Oga Oke ya mayar da yanka ƙarfe bakwai. Kullum shida da rabi zan kira ki."

Falilat ta sha wuya, ba wasa ba. Ta bar shayi daga la'asar. Ta daina kwanciyar rana, in gyangyaɗi ya zo sai ta miƙe ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Sau biyu mai adaidaita sahu ya wuce da ita inda za ta sauka tana sharar barci baki buɗe. Amma kira bai taɓa fashi ba, ita ma ba ta taɓa makara ba. Kayan ne dai har yanzu ba na a zo a gani ba. Barakat ta ce ai dilolin bana ne suka lalace, Falilat kuwa ta yarda. Me zai hana ta yarda?

A sati na shida, wata Talata, kiran sallar asuba ya shiga kunnenta, ta buɗe ido garau. Ba waya, ba kowa. Murna ta kama ta har da ƙwalla. Ta yi sallah a kan lokaci, ta ce yau ita za ta tashi Barakat.

Mijin Barakat ne ya buɗe ƙofa, da carbi a hannu.

"Ai ta fita tuni. Ba yau ake yanka dila ba? Ƙarfe shida fa."

Falilat ba ta san yadda ta isa Sabon Gari ba. Siton a buɗe, dila a yanke. Ga Barakat zaune a kan tulin rigunan da ta tsince, masu sheƙi, wasu ko takardarsu ba a cire ba. Tana ninkewa tana duba agogo, ba ta ga mai tsayuwa a ƙofa ba.

Okechukwu ne ya gan ta. "Madam! Kin warke? Ƙawarki ta ce likita ya hana ki sammako, shi ya sa ban neme ki da ƙarfe shida ba."

Barakat ta ɗago. Rigar hannunta ta faɗi.

"Falilat, tsaya ki ji. Lokacin da ba kya zuwa ne na saba da kwasar kayan farko. Yara huɗu gare ni. In mun zo tare sai mun raba."

Abin ya yi wa Falilat ciwo, ciwon da ya fi na talauci. Sati shida tana sa matar nan a addu'a.

"Da kin ce in bar miki, wallahi da na bari," in ji Falilat. "Ke fa kika riƙe mini kan Innata muna yi mata wanka."

Barakat ta matsa gefe, ta buɗa mata wuri a kan tabarma. Falilat ta dubi wurin, ta zagaya can ɗaya ɓangaren dilar, ta durƙusa a kan siminti tsakanin matan da ko sunansu ba ta sani ba.