Ranar da Haƙori Ya Rufe Bakin Yaya

"Buɗe bakin, Yaya! Ko 'a' ce ka faɗa mu ji!"

Yaya ya yunƙura ya buɗe, amma abin da ya fito bai wuce gurnani ba. Kuncinsa na hagu ya kumbura suntum kamar ya ɓoye lemo a ciki, ga auduga cushe a gurbin haƙorin da likita ya cire masa da safe. Ya koma ya zube a kujera, ya tallafe muƙamuƙi da hannu biyu.

Auta, ƙanwarsa, wadda ta yi maganar, ta waiwaya ta dubi allon kwamfuta. Kashi na ƙarshe na fim ɗin da suke fassara wa gidan talabijin yana nan a buɗe, bakunan 'yan wasa sai motsi suke da Turanci, babu ko kalmar Hausa ɗaya a kai. Kuma da yammacin nan za a haska shi.

Kawu, mai shagon, ya faɗo ciki da waya a hannu, gumi na bin wuyansa.

"Shugabar shirye-shiryen gidan talabijin ce. Ta ce in bai isa hannunta kafin la'asar ba, ta ba wa masu fassarar bayan tasha filinmu, kuma ba na yau kaɗai ba, har abada." Ya juya kan Yaya. "Kai kuma duk kwanakin duniya ka rasa ranar cire haƙori sai yau?"

Yaya ya yi gurnani mai tsawo, wanda da alama zagi ne.

Matsalar ita ce Yaya ba ya rubuta fassara. Bai taɓa ba. Shiga ɗakin ɗaukar murya yake yi, ya maƙala abin ji a kunne, ya saurari jimla, ya tsayar, ya zubo ta da Hausa nan take. Shi ne tsoho, shi ne ɓarawo, shi ne alƙali, shi ne matar alƙalin. Shi ya sa masu kallo suka raɗa masa Baki Goma, kuma wannan muryar ce gidan talabijin yake so. Aikin Auta shi ne ta zauna gaban kwamfuta, ta yanke tari da numfashi, ta ɗora kowace magana daidai kan leɓen mai ita. Shekaru ke nan tana wannan.

"Kawu, kira ta ka ce yana tafe," in ji Auta.

"Wa ke tafe? Da wane bakin?"

"Da bakin Yaya mana. Ai ba a kansa kaɗai yake ajiye shi ba."

Ta jawo kujera, ta buɗe ma'ajiyar kwamfutar. Auta ba ta taɓa goge muryar da aka ɗauka ba, ko da fim ya fita ya tsufa. Kuma tana da wata ɗabi'a da Yaya ke yi mata dariya a kai: kowace jimlarsa sai ta ajiye ta ƙarƙashin kalmar aikatau ta Turancin da ya fassara. Da haka ta koyi yadda yake juya harshen. Ta danna rumbun da ya fi kowanne ƙiba, wanda ta sa wa suna da 'yar kalmar nan, get. Muryoyi suka jeru har ƙasan allo, tana ja suna ƙara fitowa.

Kawu ya sunkuyo. "Duk wannan kalma ɗaya ce? Wannan ai buhun ɗan koli ne."

"Ita ce jakar Bature, Kawu. Da ita yake samu, da ita yake isa gida. Da ita yake tashi daga barci, ya shiga mota, ya sauka. In ya gane magana ita ce, in mura ta kama shi ita ce, har tsufa da ita yake yi. 'Yar wutsiyar da ya liƙa mata a baya kawai yake canzawa. Yaya kuwa bai taɓa fassara ta iri ɗaya sau biyu a jere ba. Kashin nan na ƙarshe kuma guje-guje ne da 'yan sanda, ba mai dogon bayani. Fita, shiga, kwanta, kama shi, miƙo jakar. Duk Yaya ya faɗe su tuntuni."

"Ki ɗinka fim da tsumma?"

"Da babu gara ba daɗi. Yaya, matso. In ya yi, ka buga tebur sau ɗaya. In bai yi ba, sau biyu."

Suka duƙufa. Ɗan sanda ya daka wa direba tsawa, Auta ta zaro "Fito daga motar nan!" daga wani tsohon fim na sojoji, ta datse bakinsa, ta ɗora. Ya zauna ɗas kamar don shi aka yi. Yaya ya buga sau ɗaya. Shugaban ɓarayi ya dubi yaronsa ya tambaye shi ko ya fahimta, ta ɗora masa "Ka gane ko?" Sai ga ƙaton mutum mai gemu da tabo a goshi yana magana da muryar tsohuwa mai sayar da kayan miya. Kawu ya fashe da dariya har da riƙe ƙofa. Yaya ya buga tebur sau biyu, ya ƙara da jifa da silifas.

"Yi haƙuri, ta kakar nan ce na ɗauko," in ji Auta, ta kauce. Ta musanya da wata mai kauri.

Inda babu jimlar sukutum, sai ta haɗa rabi da rabi, ta ɓoye ɗinkin ƙarƙashin ƙarar bindiga ko ƙugin mota. Inda ɗan wasa ya juya ƙeya yana dogon surutu, ta bar shi da "To!" kawai, ta ɗaga kiɗa. Hannunta bai tsaya ba. Kawu ya kawo ruwan sanyi ya ajiye, har ya yi ɗumi ba wanda ya taɓa. Inuwar ƙofa ta fara miƙewa cikin shago, su kuma suka iso fage na ƙarshe.

A nan ɗinkin ya tsaya.

An harbi tsohon ɗan sanda, yana kwance a kan kwalta. 'Yarsa ta durƙusa a kansa, ta kama kwalar rigarsa, tana maimaita masa kalmar nan ta get da aka yi ta kwarara wa ɓarayi tun farkon fim: ya tashi. Auta ta buɗe duk "Tashi!" ɗin da Yaya ya taɓa yi. Akwai na sajan mai tayar da kurata, akwai na uwa mai korar malalacin ɗa, akwai na ɗan fashi. Na mata kuwa duk da siririyar muryar nan yake yin su, wadda ke sa mutane dariya. Ta zaɓi mafi laushi ta ɗora. Ya fito kamar mai gidan haya ta zo tayar da ɗan haya.

Ba sai Yaya ya buga tebur ba. Kowa ya ji.

Auta ta cire abin ji daga kunne, ta miƙe.

"Ina za ki?" in ji Kawu.

"Ciki."

Yaya ya buga tebur sau biyu, da ƙarfi.

"Ke, Auta, murya ɗaya suka sani," in ji Kawu. "In matar nan ta ji baƙuwar murya, cewa za ta yi mun yi mata ha'inci."

"To, Kawu, zaɓi. Ko ta ji ni, ko ta ji yarinya tana yi wa ubanta ihun kuɗin haya yana mutuwa, gari ya kwana yana mana dariya. Ni dai na san abin da yarinyar nan ke faɗa, kuma na san yadda ake faɗarsa."

Ta tura ƙofar ɗakin ɗaukar murya. Ɗan tsukukun ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da soson katifa da kwalin ƙwai, sai warin man zafin da Yaya ke shafa wa wuya. Makirufo yana can sama, daidai tsayinsa. Ta yi ɗage tana neman kaiwa, sai ta ji an buɗe ƙofa a bayanta. Yaya ne, hannu ɗaya a kunci. Ya harare ta, ya harari makirufon. Sannan ya kwance maɗaurin, ya sauko da shi daidai bakinta, ya matsa da ita baya kaɗan da yatsa, ya fita ya zauna a kujerarta gaban kwamfuta.

Ta yi masa alama ya kashe Turancin gaba ɗaya. Ba ta bukatarsa. Hannun yarinyar ta kalla, yadda yake jijjiga kwalar rigar, ya saki, ya sake kamawa.

"Baba, tashi. Tashi mana. Kar ka yi mini haka a kan titi. Tashi mu tafi gida."

Ta gilashi ta ga Kawu ya cire hula yana kallon ƙasa. Yaya ya ɗaga hannu ya buga tebur sau ɗaya.

A bayan babur ɗin Kawu ta isa gidan talabijin, mayafinta na kaɗawa. Shugabar shirye-shirye, mace mai tabarau da ba a cika ganin haƙoranta ba, ta karɓi fim ɗin ba ko sannu, ta saka a kwamfutarta tana tsallakawa.

"Yau Baki Goma ba ya son surutu," ta ce.

"Guje-guje ne, ranki ya daɗe," in ji Kawu da sauri.

Ta kai fagen ƙarshe. Ta saurara, ta tsayar, ta zare tabarau.

"Wannan ba shi ba ne."

Kawu ya buɗe baki, Auta ta riga shi. "Ni ce, ranki ya daɗe. An cire masa haƙori, bakin ya ƙi buɗuwa. Sauran duk muryarsa ce, daga tsofaffin ayyukansa na haɗo. Wannan wurin ne kaɗai ba shi da irinta."

Matar ta dube ta sama da ƙasa. Ta mayar da fagen baya, ta sake ji har ƙarshe. Sannan ta ɗaga wayar tebur.

"Ku zo ku karɓa, a saka." Ta ajiye, ta mayar da tabarau. "Filinku na nan. Amma ku gaya masa, daga yau ya sakar wa mata muryarsu. Na gaji da jin ƙato yana maƙale murya."

Kawu bai daina godiya ba har bakin ƙofa. A hanya ma sai da ya kusa hawa kan mai tura kura don waiwayen yi wa Auta kirari.

Da suka karyo kwanar layinsu, sai suka tarar da baƙar mota ta tare ƙofar shago. A ciki, Yaya na tsaye jikin bango yana ta nuni da hannu, wani dogon mutum cikin kwat kuma ya hakimce a kujerar Auta, jakar fata a kan cinya, yana bin rumbun muryoyin da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Yauwa," in ji shi, bai ko tashi ba. "Tun ɗazu nake fama da wannan bawan Allah, ya ƙi ce mini uffan. Ni lauyan kamfanin da ya shirya fim ɗin nan ne, da wasu da yawa da nake gani a nan, kuma ban san ranar da muka ba ku izinin fassara su ba. A cikinku wa ke iya magana?"