Warin Fetur a Rumfar Sharu

Sharu yana durƙushe a bayan motar, ya ɗage kujerar baya, yana naɗe mahaɗar wayar sabon famfon mai da salatef. Mai motar, Malama Maijidda, tana koyarwa a Dutsi, kullum sai ta kwaso 'ya'yanta da na maƙwabta daga Daura. Tana zaune a benci tana ta duba waya, shi kuwa yana ta yi mata bayanin da ba ta tambaya ba.

Ya ce wanda ya yi mata aikin farko ɗan ganganci ne, ya ja waya kai tsaye daga batir, babu fiyus, ko inji ya mutu famfo na nan yana tura mai. Shi ya cire kan batir tun kafin ya taɓa komai, ya sa fiyus, ya sa rile mai yanke wa famfo wuta in inji ya mutu, ya raba wayar da salansa, bututun hayaƙi mai zafi. Surutun ba halinsa ba ne. Tun da sauran makanikai suka koma sabon gareji a hanyar Katsina, sai ya wuni bai yi magana da kowa ba, don haka duk wanda ya faɗo rumfar sai ya sha labari.

Abin da bai gaya mata ba, bai kuma gaya wa kowa ba, shi ne hancinsa ya mutu. Wata mura ce ta kwantar da shi bara, ta tafi da jin wari da ƙamshi gaba ɗaya. Ya san garin nan sarai. Ranar da aka ji rewaya, mai gyaran wutar mota, ba ya jin warin fetur, ranar aikinsa ya ƙare, kuma shi ba shi da wani wurin zuwa da safe.

Ya mayar da kan batir, ya murɗa makulli, ya kasa kunne. Famfo ya yi ɗan gurnaninsa ya tsaya, daidai yadda ake so. Ya ɗauko wayar gwaji zai ɗan goga ta a ƙarfe ya ga tartsatsi, kamar yadda ya saba.

Maijidda ta toshe hanci da mayafi. "Baba, wai kai wannan warin bai dame ka ba? Ni har kaina ya fara ciwo."

Hannunsa ya tsaya a iska. A hankali ya ajiye wayar, ya zagaya ya sake cire kan batir, sannan ya zura hannu ƙarƙashin tiyon mai. Yatsunsa suka fito a jiƙe. Tiyon ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kai, mai ya taru a kan tanki. Tsoro ya kama shi, kunya ta biyo baya, kunyar ma ta fi ciwo.

Da zai iya cewa ya saba da warin ne, ta yarda. Sai ya kalli kujerar da yaran ke zama.

"'Yata, ba na jin wari," in ji shi. "Ko kaɗan. Zo ki tsaya nan, in warin ya daina ki gaya mini."

Ta taso. Ya canza tiyo, ya goge tanki, ya zuba yashi inda mai ya ɗiga. Duk inda ya nuna sai ta sunkuya ta shinshina, ta girgiza kai ko ta gyaɗa. Rabon da ya yi aiki da wani a gefensa har ya manta, ya ji daɗin abin fiye da yadda ya kamata.

Da za ta tafi ta yi godiya, ta ce ba wanda zai ji daga bakinta. Ya yarda da ita. Ya kuma san ba za ta sake kawo motar ba, bai ga laifinta ba.

Bayan la'asar ya jawo risho zai dafa shayi. Ya zaro ashana, ya dubi yashin da ke ƙasa, ya ja iska da ƙarfi. Babu komai. Wani mai babur ya rage gudu ya gaishe shi, Sharu ya buɗe baki zai roƙe shi ya shigo ya shinshina masa rumfar, sai ya amsa gaisuwar kawai.

Ya ɗauki risho da tukunya ya tsallaka titi. A can gindin dalbejiya ya kunna wuta, ya zauna yana kallon rumfarsa daga nesa.