Ranar da Jam'iyya Ta Kira Kamal

…kuma ko karyawa bai yi ba. Shayin yana nan a kan tebur ya huce, burodin ko ɓantara bai yi ba. Mutum zai tsaya gaban kwamitin ladabtarwa da ciki wayam, to da wane ƙarfin? Surayya tana zaune a ƙofar ɗakinsu a saman bene, faranti a cinya, tana tsince wake. Hannun ne kawai yake aikin. Ita tana can sakatariyar jam'iyya, inda aka shige da mijinta tun safe aka rufe ƙofa.

Kamal. Shugaban matasan jam'iyya mai mulki a wannan yanki na Agege. Haka yake a jikin hula, a jikin riga, a jikin motar da suka ba shi. Ita dai Abban Mastura ta sani, mutumin da ba ya iya cin tuwo sai ya ƙona harshe don gaggawa…

Me ma ya faɗa da zafi haka? Ta kalli bidiyon har ta haddace shi. Yana tsaye a kan tarkacen rumfunan bakin layin dogo, washegarin da aka rushe su, masu goro da masu albasa a bayansa suna tsintar abin da ya tsira. Ya ce ranar zaɓe 'yan gari ne su, ana gama ƙirga ƙuri'a sai su koma baƙi. Da Hausa ya faɗa, ya sake da Yarbanci don kada wani ya ce bai ji ba. To ƙarya ya yi? A nan aka haife shi. A nan aka haife ta. Kakanta a nan Agege yake kwance. Da ma a nan ya tsaya…

Bai tsaya ba. Yaushe ya taɓa tsayawa? Ya kama sunan ciyaman ɗin ƙaramar hukuma. Ya kama sunan Alhaji Balarabe — Alhaji Balarabe fa, dattijon da ya karɓa masa aurenta, wanda ya kama hannunsa ya kai shi jam'iyyar tun yana ɗan ƙungiyar 'yan okada, masu acaɓa — ya ce an toshe masa baki da kujera. Sai kuma yaran Kamal suka afka taron gunduma, aka karya kujeru, aka fasa wa wani tsoho leɓe. Bai aike su ba, in ji shi. To sunan wa suke kira suna jifa?

Ga su can a gindin bene, sun cika benci, wasu a kan babura. Lokaci lokaci wani ya ɗaga murya, sai Kamal, sauran su amsa. Ɗazu Iya Tawa, Bayarabiyar da ke da gidan, ta leƙo ta ce, “Iyawo,” — amarya kenan da Yarbanci — “faɗa wa mutanenki su rage murya, jikata na barci.” Ta ce to Mama, a yi haƙuri. Mutanenta… Yaushe suka zama nata? Ta dafa musu shinkafa ba adadi, suna ce mata matar oga, ita ko sunan rabinsu ba ta sani ba.

Jirgin ƙasa yana wucewa, benen yana ɗan rawa, waken yana motsi a faranti — mataimakinsa Bature ne ya shigo da Kamal ran nan, da rana tsaka daga wajen gangami, farar riga ta koma ja tun daga wuya. Dutse ne, a nan saman kunne. Shi kuma dariya yake yi, wai ai sun ji a jikinsu. Mastura tana tsaye da kofi a hannu tana kallo. Tun daga ranar, in yarinyar ta ji ƙarar babura da yawa sai ta shige ƙarƙashin gado. Bai sani ba. Ba ya gida a lokacin da za a sani.

Ta ɗora waken, ta yi azahar. Ta ɗaga hannu: Allah ka ba shi… ka ba shi me? Nasara? Ya fito suna ɗauke da shi a kafaɗa, gobe wani gangamin, wani dutsen? Ko kuwa… a'a. Mace ba ta roƙa wa mijinta wannan. Allah ka zaɓa abin da ya fi alheri. Ta shafa da sauri, kamar wadda ta ji takun wani a bayanta.

Waya tana ruri. Bature.

“Anti, sun dakatar da shi.”

“Har yaushe?”

“Har sai ya fito gaban jama'a ya janye maganar, ya ba da haƙuri. In ya ƙi, kora ce gaba ɗaya. Korar ma suka so yi yau, Alhaji Balarabe ne ya roƙa a bar masa wannan ƙofar.” Tana jin hon ɗin danfo, motocin haya, a bayansa. “Ni suka ce in riƙe ofis ɗin kafin nan. Wallahi Anti ban nema ba.”

Bakinta ya ce innalillahi. Bakin ya san aikinsa. Amma kafaɗunta… me ya sa suka sauka haka? Wani abu da ya daɗe a ɗaure a bayan wuyanta ya kwance. Kuma yunwa. Yunwa take ji, irin wadda ta manta da ita, har ƙanshin gidan burodin bayan layi yana kai mata. An kunyata mijinta a gaban manya, ita kuma yunwa. Wace irin mace ce wannan?

Labari ya isa ƙasa. Ihu, zagi, wani ya doki gwangwani da ƙafa. Tana jira a fasa wani abu. Ba a fasa ba. Babur ɗaya ya tashi, sai wani, sai wani… Ina za su? Wataƙila gidan Bature. Ba ta ga laifinsu ba, benci ne, a ko'ina akwai shi. Mastura ta fito daga ɗaki da kanta ta zauna a baranda tana yi wa 'yar tsana kitso.

Ta matattakalar baya Kamal ya hawo. Ba mota, ba kowa a bayansa. Ya cire takalmi a hankali, ya jera su — shi da kullum sai ta bi shi tana tsintowa. Bai hau kujera ba, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, tabon saman kunnensa yana sheƙi da gumi. Alhaji Balarabe ko kallonsa bai yi ba, haka ya ce, sau ɗaya, ga bango. Daga nan shiru. Ashe haka shirunsa yake. Ba ta san shi ba.

“Maman Mastura.”

“Na'am.”

“Ke me kika gani? In ba su haƙurin?”

Ita? Tun da aka kawo ta gidan nan bai taɓa… ko kalar labule shi yake zaɓa.

In ta ce ka ba su, zai tsaya gaban masu goro ya haɗiye abin da suka san gaskiya ne, a mayar masa da hula da mota da benci cike da mutane, ita kuma ta koma wankin jini. In ta ce kar ka ba su, ka tsaya a kan maganarka — zai ɗago ya kalle ta da alfahari, ya ce ya auri jaruma. Su kore shi. Ya dawo gida, ya zama nasu, nata da Mastura. Kuma har abada ba zai san ba don masu goro ta faɗa ba…

Yana jira. Idonsa a kanta, kamar ba shi ba. Ta buɗe baki. Kalmar tana nan a kan harshe, mai sauƙi, mai kyan ji, ba wanda zai zarge ta a kanta. Ita kaɗai… ita kaɗai za ta zauna da ita.