Teburin Jaye Mai Ƙafa Uku

Shekara ashirin da biyu Na'Allah yana kafinta a Agiye. Bencin lakol na 'yan makaranta, kujerun buro na ma'aikata, gadon amare, duk daga rumfarsa suke fita. Har a fadar Alhaji Muttaka, majalisar da Na'Allah yake shan shayi da abokai kullum bayan la'asar, in aka ce katako to shi ake kallo.

Sai ga Jaye, wani Bafulatanin Gangara da fari ya cinye wa shanu, ya koma sassaƙa. Wata ranar kasuwa Alhaji ya sayo ɗan teburin shayi a wurinsa, guntu, mai kauri, ƙafa uku kacal. Tun daga ranar 'yan fada ba su da zance sai shi. Wannan ya shafa, wancan ya ƙwanƙwasa, har ana cewa a kira Jaye ya yi wa kowa nasa.

Kishi ya turnuƙe Na'Allah, shayi ma ya daina yi masa daɗi.

"Wanga gurgun abu kuke yabo?" in ji shi. "Ko jaki ƙafa huɗu gare shi."

Aka yi dariya, amma ba wanda ya ɗauke tiren shayi daga kan teburin.

Kwana tara Na'Allah ya yi a kan nasa teburin. Jan katako ya sayo daga Maraɗi, ya goge, ya shafa mai har kana ganin fuskarka, ƙafafu huɗu daidai wa daida. Ya zaɓi ranar kasuwa, don ya san Jaye zai leƙo fadar, ya ɗauko shi da kansa ya dire a gindin bishiyar maina, inda ake zama.

Kowa ya ce Masha Allah, kuma ba ƙarya, tebur ya yi kyau. Aka ɗora tire, aka jera kofuna. Alhaji yana dafa gefe ɗaya, tebur ya yi rawa, shayin farko ya malale a kan farar rigarsa. Ashe Na'Allah a kan siminti ya gwada shi, nan kuwa rairayi ne da saiwoyi.

Jaye ya tashi ya tsinto tsakuwa, ya cusa a ƙarƙashin ƙafar.

"Ba laifinka ba ne, maigida," in ji shi. "Mu masu yawo, duk inda muka sauka ƙasa ba ta daidai. Uku muke yi, kamar murhu."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi.

Alhaji ya goge rigarsa, ya shafa teburin.

"Wanga ya fi ƙarfin waje, Na'Allah. A kai shi ɗaki, kar rana ta ɓata shi."

Na'Allah yana kallo aka shige da shi gida. Aka jawo gurgun, aka mayar da tire a kansa. Da shayi na biyu ya nuna, sai da Na'Allah ya miƙa hannu can kan gurgun ya ɗauko kofinsa.