Riga Mai Dogon Hannu

Likita ya ce wa maigidan ƙyanda ce ta kama 'yarsa, kada a fita da ita. Sai ga ƙanwar maigidan ta haihu.

"Ƙanwata guda ta haihu, in je barka ni kaɗai kamar gwauro? Me dangi za su ce?"

"Baban yara, ƙurajen fa ba su bushe ba," in ji matarsa.

"Sa mata riga mai dogon hannu. Zumunci ba wasa ba ne."

Ɗakin mai jego cike yake, tagogi a rufe. Shi da kansa ya ɗora wa 'yarsa jaririn a cinya, ya ɗauke su hoto, ana ta dariya.

Ba a jima ba aka kwantar da jaririn a asibiti, numfashi da ƙyar. Da maigidan ya je dubiya, ƙanwar ta kama hannunsa.

"Yaya, 'ya'yan maƙwabta ne suka shafa masa ƙyandar nan, na tabbata. Mutane ba su da imani. Ka turo min hoton nan mana, shi kaɗai ne hotonsa yana da lafiya."

Ya ciro wayar. A hoton, ƙurajen sun leƙo ta wuyan rigar.