Tsarabar Rifkatu

Hajiya Balki ta sa farce ta ɓarke jar takardar tun Kallamu bai gama bayani ba. Takardar da mai kanti ta ɓata lokaci tana naɗewa, har da ɗan zare mai ruwan gwal, ta faɗi cikin ledoji da igiyoyin ɗaurin kaya.

"Hajiya, kyautar yarinya ce fa."

"Ko ta uwata ce. Ba na ɗaukar saƙo a rufe."

Gaskiyarta ce. Duk mai zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou ya san wannan doka, don an ga waɗanda suka karɓi saƙon sabulu suka ƙare a kurkuku. A ofishin Mashud suke, mutumin zangon Kumasi mai tura kaya, a wani bene bayan titin Huanshi a Guangzhou. Nan Hajiya take auna akwatunanta kafin ta wuce filin jirgi da yamma, kuma ita ce ta ƙarshe cikin sanin Kallamu da za ta sauka Kano kafin Kirsimeti.

Saƙon na Rifkatu ne, 'yar maƙwabcinsa Malam Bulus. Duk Kirsimeti sai an shigo gidan Kallamu da shinkafa da kaji daga gidan Bulus, ko yana gari ko ba ya nan. Yarinyar mayyar dabbobi ce, kyanwar unguwa duk ta san ta. Bara ya yi mata alkawarin tsarabar China, ya manta. Bana matarsa Saude ta gaya masa a waya cewa in bai aiko ba, ita ba za ta iya miƙa hannu ta karɓi kwanon shinkafar ba.

Hajiya ta buɗe kwalin. Ta zaro faffaɗan allo mai zanen daji da kogi, da ƙullin 'yan dabbobin katako, da kati, da ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo irin ta lido. Ta ɗauki giwa ta girgiza a kunne, ta shinshina, ta nemi Mashud ya ba ta almakashi ta fasa ta gani. Da ƙyar Kallamu ya ceci giwar.

"Kati da lido," in ji ta. "Caca za ka aika wa 'yar mutane ranar bikinsu?"

Ya rantse ba caca ba ce. Mashud ya ƙara masa ciwon kai, ya ce ko ba caca ba ce, akwatunan Hajiya sun cika da jakunkunan da ta saro a kasuwar Shiling, allura in aka ƙara sai sikeli ya yi ƙara. Kowa kuwa ya san Hajiya Balki ba ta taɓa sauke kayanta don na wani ba.

Ta ce to ya nuna mata yadda ake yi, in ta ga ba haram ciki, ta yi tunani.

Suka share tebur. Kallamu ya bayyana abin da ya tsinta daga mai kanti, wadda ta koya masa da hannu da ka don ba sa jin yaren juna: rani ya shigo, tafki yana ƙafewa, kowa ya kai dabbarsa bakin kogi. Kati wani ruwan sama ne, wani inuwar bishiya, wani gobarar daji. Hajiya ta riƙe giwa, ta ce ita kaɗai ta bincika ta yarda da ita. Mashud ya ɗauki kada. Aka bar wa Kallamu bushiya, Hajiya ta ce sun dace, gajeru ne su duka kuma ba a taɓa su.

Zagayen farko Hajiya tana jefawa tana taɓe baki. A na uku ta tuɓe mayafi ta ɗaura a ƙugu. Giwarta ta sami ruwan sama ta yi tsalle gida huɗu, ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Mashud ya ce kada ai ɗan ruwa ne, bai kamata a sa shi tafiyar ƙasa ba, a ba shi rangwame. Suka ce a Ghana ake wannan, ba a nan ba. Wayarsa ta yi ta ruri, kwastoma ne daga Accra, ya kife ta. Ya yi wa Hajiya tayin katin inuwa biyu a bakin ruwan sama ɗaya, ta ce albarka. Ya ƙara ɗaya, ta ce ya sake lale. Manya uku masu furfura suka duƙufa a kan allo suna ciniki, suna dariya har Mashud ya ƙware da shayi.

Direban da zai kai Hajiya, wani Basine mai fara'a, ya leƙo ya nuna agogo ya ce, "Lawban," wato ranki ya daɗe a yarensu. Hajiya ta kore shi da hannu ba ta ko ɗago ba.

Giwa ta kusa kogi, bushiya na biye. Sai Kallamu ya jawo kati, ya ga jan harshen wuta. In ya ajiye shi gaban giwa, hanyarta ta toshe, bushiya ta wuce. Mashud ya hango katin, ya take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya yi masa nuni da kwalin, ya yi masa nuni da akwatuna. Kallamu ya gane sarai. Ya tuna Rifkatu, ya tuna Saude. Amma an ce masa gajere.

Ya buga katin a kan allo har dabbobi suka yi tsalle. Ya tura bushiya bakin kogi, ya miƙe ya ɗaga hannu biyu yana taka rawa tsakanin kwalaye, hularsa ta faɗi bai kula ba.

Da ya juyo, Hajiya ta riga ta kwance mayafi ta yafa. Ta ture allon gefe, ta ce wa Mashud a saukar mata da kaya zuwa mota, lokaci ya yi. Ta ce wa Kallamu tunda bushiyarsa ta iya gudu, ta kai saƙon Kano da kanta.

Rawa ta tsaya. Ya fara "Hajiya, Allah ya huci zuciyarki," ta ce zuciyarta lafiya lau take.

Direban ya shigo ɗaukar akwati. Ya dubi allon, ya ɗauki murfin kwalin ya karanta bayansa, sai ya fashe da dariya. Ya yi magana a wayarsa ya miƙa wa Mashud, wayar ta juya zuwa Turanci. Mashud ya saurara, ya sake saurara, ya zauna a kan buhu yana riƙe ciki.

"Wai wasan ba na rige-rige ba ne. Duka dabbobin ake so su kai ruwa tare. In ɗaya ta maƙale, kowa ya faɗi. Wutar ma kashe ta ake yi, ba kunnawa ba."

Hajiya ta tsaya da jaka a hannu. "Wato bai ci ba?"

Mashud ya tambayi direban yana nuna Kallamu. Direban ya girgiza kai ya ce, "Meyo," wato a'a.

Dariyar da Hajiya ta yi har ma'aikatan ofishin kusa sai da suka leƙo. Ta sa Kallamu ya maimaita rawar, ya ƙi, ta kwaikwaya masa da kanta. Tana share hawaye ta zuge babban akwati, ta zaro jakunkuna biyu masu kyau ta jefa wa Mashud ta ce ya haɗa a kaya na gaba. Ta tattara dabbobin da hannunta, ta duba ƙarƙashin tebur kada a bar wata, ta kwantar da kwalin a tsakiyar kaya.

"Ba don kai ba," ta ce. "Ni zan kai mata har gida. Dole yarinyar nan ta san wanda ya ƙona daji."

Ya raka ta har mota yana godiya, tana ce masa bushiya. Da ya hawo sama, ya tsinci jar takardar ya fara lailaye ta a gwiwa, ko da ya san ba ta da sauran amfani. Wayar Mashud ta sake ruri. Ya dube ta, ya kife, ya tambayi Kallamu a wane layi kantin nan yake, kuma ko suna buɗewa gobe.